Shagon ƙirga ambato na titin Bauchi: lissafi ya iya, karatu ne da saura

Toh jama'a, akwai wani shago a kan titin Bauchi nan Jos, can wajen da masu fotokwafi da masu bayindin furojet suka yi layi, wanda aikinsa daban yake da na maƙwabtansa. Shi ba ya taifin furojet, ba ya cike wa yara fom, abin da yake yi shi ne ka ba shi sunan mai bincike ya haɗa maka rahoto a kansa, takardu nawa ya wallafa, a waɗanne mujallu, sau nawa wasu masana suka ambace shi a nasu rubutun, wace shekara ce tauraronsa ya fi haskawa, da sauransu. Lakcarori masu neman ƙarin girma su ne manyan kwastomominsa, sai mu ɗaliban digiri na biyu da na uku da ake turo wa aikin semina. Sunan shagon ba zan faɗa ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma mai shagon mutumin kirki ne wallahi, wanda ya san layin nan ya riga ya gane wa nake nufi.

Abin da ya kai ni, sufabaizana ne ya ce kowannenmu ya ɗauki masani guda ɗaya a fannin da yake furojet ya yi mana bayanin aikinsa da tasirinsa. Ni aikina a kan ciwon suga ne, ɓangaren ƙwayoyin halittar fankiriyas, don haka na ɗauki Douglas Melton na jami'ar Harvard a Amurka, na ce a haɗa min da Frances Ashcroft ta Oxford a Ingila don in samu abin kwatantawa. Cikin rumbunan intanet da ake neman takardun bincike, Google Scholar da PubMed kowa zai iya buɗewa kyauta a waya, amma Scopus da Web of Science sai makarantarka ta biya ko kana da hanya, ni kuma a lokacin ba ni da ita, shi ne wani ɗan ajinmu ya ce je ka wajen Malam zai yi maka.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba 'yan fannin ba shimfiɗa don kar su ɓace a hanya. Fankiriyas tana kwance ne a bayan tumbi, kuma aiki biyu take yi. Mafi yawan jikinta ruwan narkar da abinci take haɗawa ta zuba a hanji, sai wasu 'yan tsibirai ƙanana a warwatse a cikinta da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta ba, waɗanda wani ɗalibin likitanci a Berlin, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. A cikin tsibiran nan ne ƙwayoyin beta suke, masu yin insulin ɗin da ke sauke suga, da ƙwayoyin alfa masu yin gulukagon da ke ɗaga shi. Ciwon suga nau'i na ɗaya garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin beta, nau'i na biyu kuma jiki ne ke daina jin maganar insulin, su kuma ƙwayoyin su yi ta fama har su gaji. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas ya kamu da ciwon suga, a 1921 Banting da Best suka tatso insulin a Toronto ta Kanada. Tun daga nan duk rigimar fannin a kan 'yan ƙwayoyin nan take, yaya suke gane suga ya hau, me ke kashe su, kuma za a iya samo sababbi a mayar wa mutum ko a'a.

Shagon dai ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu, firinta ɗaya, benci, da sola a sama don haka maganar wuta ba ta tsayar da aiki, wannan kam maki ne babba. Malam ɗin dattijo ne da ya ce ya daɗe yana aikin laburare kafin ya buɗe nasa, kuma daga yadda yake tambaya za ka san ba ɗan koyo ba ne. Kafin ya karɓi ko sisi sai da ya tambaye ni cikakken sunan mutanen, jami'ar da suke, da shekarun da nake so a duba, ya rubuta a wani littafi mai bangon kwali. Naira 15,000 muka tsaya bayan ciniki, rabi kafin aiki rabi bayan an gama, kuma ranar da ya ce in zo ranar na samu aikina a shirye, an buga an yi bayindin, ya kuma turo min kwafi ta WhatsApp. A garin nan da za ka kai ɗinki a ce maka gobe har wata ya mutu, wannan ma abin a faɗa ne.

Inda ya fi burge ni shi ne tace sunaye. Ya juyo min da fuskar kwamfutar ya ce Malam zo ka ga wani abu, sai ga takardar 1984 ta mujallar Nature, wadda a cikinta aka nuna cewa suga yana rufe wata ƙofar fotasiyam a jikin ƙwayoyin beta na ɓera, marubuta uku ne a kai, biyu daga ciki duk Ashcroft, F. M. Ashcroft a farko, S. J. H. Ashcroft a ƙarshe, Harrison a tsakiya. Ya ce ka gani ko, duk su biyun a Oxford, duk a kan insulin suke rubutu, in ka buga Ashcroft kawai ka kwaso abin da ya fito to ka haɗa aikin mutum biyu ka ɗora wa ɗaya. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya ware na Frances daga na Stephen, wato S. J. H. ɗin nan, ya cire waɗanda suka fito sau biyu saboda wani ya rubuta sunan mujalla ba daidai ba. Aikin haƙuri ne, ni da kaina da na gaji tun a shafi na uku. Ya ce shi ya sa yake matsa wa duk lakcaran da ya zo ya buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike ɗin nan mai alƙaluma 16 da aka fara bayarwa a 2012, don mu nan da kowa Muhammad ne ko Abubakar ko Ibrahim matsalarmu ta fi ta Ashcroft sau goma.

Sannan ya iya bayani. A shafin farko na rahoton ya sa lambobi kala uku, na Google Scholar da na Scopus da na Web of Science, ya rubuta a ƙasa dalilin da ya sa ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Google Scholar kusan duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi a intanet kwasa yake, har da furojet ɗin ɗalibai da littattafai da takardun taro, shi ya sa lambarsa ta fi kumbura, su kuma sauran biyun sai mujallun da suka tantance suka sa a jerinsu. Ya ba ni labarin wani Bafaranshe masanin kwamfuta, Cyril Labbé, da a 2010 ya ƙirƙiri wani mai bincike na bogi mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa takardun shirme kimanin 100 suna ambaton junansu, har mutumin da bai taɓa wanzuwa ba ya samu h-index 94 a Google Scholar. Shi h-index ɗin, wanda Jorge Hirsch masanin fiziks ya kawo a 2005, lissafinsa ba wuya, in aka ce naka 20 ne to kana da takardu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Malam ya kuma ware min ambaton da mutum ya yi wa kansa daga wanda wasu suka yi masa, ya raba takardun bita, wato masu tattara abin da wasu suka gano, daga takardun gwaji na asali, don na bitar sun fi jan ambato tunda kowa na neman wuri ɗaya da zai jingina gabatarwarsa. Har nan dai ba ni da abin cewa sai sambarka.

Matsalar ta fara ne a shafin da ya yi wa take da takardun Melton da aka fi ambata a kan fankiriyas. Ina dubawa sai na ga a can sama-sama akwai wata takarda ta 1984 a Nucleic Acids Research, wadda ke bayanin yadda ake haɗa RNA a cikin kwalbar gwaji da sinadarin SP6. Takarda ce shahararriya ƙwarai, dubban mutane sun ambace ta saboda hanyar aiki ce da kowane lab ke buƙata, amma ko kusa ba ta da alaƙa da fankiriyas. A ƙasanta kuma ga jerin takardu a kan ƙwan kwaɗo. Abin da Malam bai sani ba shi ne Melton ya fara ne a matsayin mai nazarin yadda halitta ke ginuwa tun daga ƙwai, ya yi digirinsa na uku a Cambridge ƙarƙashin John Gurdon, da kwaɗin nan na Afirka da ake kira Xenopus yake aiki shekara da shekaru. Sai a farkon shekarun 1990 da aka gano ɗansa na da ciwon suga nau'i na ɗaya tun yana jariri, daga baya ma 'yarsa ta kamu, shi ne ya juya lab ɗinsa gaba ɗaya zuwa ƙwayoyin beta. Wannan labari ne da shi kansa ya sha faɗa a bainar jama'a. To rahoton ya haɗe rayuwar aiki biyu ya kira su ɗaya, lambar da ya ba ni a matsayin tasirin mutumin a fannin fankiriyas kaso mai tsoka nata na kwaɗo ne da na SP6. Da na miƙe a gaban malamai na karanto ta haka da wani furofesa ya yi min tambaya ɗaya ta ishe ni.

Ainihin takardun da ya kamata su zama ƙashin bayan rahoton suna ciki fa, ba wai ya bar su ba, sai dai an jera su ne bisa yawan lamba kawai ba tare da layi ɗaya da ke cewa me suka gano ba. Akwai ta 2004 a Nature, shi da Yuval Dor, inda suka yi wa ƙwayoyin beta na ɓera alama suka bi sawunsu suka nuna cewa a babban ɓera sababbin ƙwayoyin beta daga tsofaffin suke fitowa ta hanyar rabuwa biyu, ba daga wasu ɓoyayyun ƙwayoyin asali ba, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyi, kamar yadda mutane da yawa suke fata a lokacin. Akwai ta 2008, ita ma a Nature, da suka cusa wa ƙwayoyin ɓangaren narkar da abinci abubuwa uku, Ngn3 da Pdx1 da Mafa, a cikin ɓera mai rai, suka rikiɗe suka koma kamar ƙwayoyin beta suna yin insulin. Sai babbar, ta 2014 a mujallar Cell, da Felicia Pagliuca a gaba, inda suka ɗauki ƙwayoyin asali na ɗan adam suka bi da su mataki-mataki a cikin lab har suka zama ƙwayoyin da in suga ya hau suna sakin insulin, kuma da yawan gaske ba 'yan kaɗan ba. A shekarar ma ƙungiyar Timothy Kieffer ta Vancouver da Alireza Rezania sun fitar da makamancin haka a Nature Biotechnology. Muhimmancin wannan shi ne tun 2000 James Shapiro da abokan aikinsa a Edmonton suka nuna a kan marasa lafiya 7 cewa in an dasa wa mutum tsibiran fankiriyas zai iya ajiye allura, amma tsibiran daga jikin mamatan da suka ba da gudummawa ake samu kuma ba sa isa. Daga aikin 2014 ɗin ne kamfanin Semma ya fito, wanda Vertex ya saya a 2019 kan dala miliyan 950, a 2021 kuma aka fara gwada ƙwayoyin a jikin mutane. Duk wannan zaren babu shi a rahoton, ni na zauna na ƙulla shi da kaina.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne betatrophin. A cikin jerin, ba alama ba komai, ga takardar 2013 ta mujallar Cell zaune da ambatonta masu yawa kamar kowace takarda. Ita ce wadda lab ɗin Melton ya ce ya gano wani sinadari da hanta ke fitarwa mai sa ƙwayoyin beta su hayayyafa, duniya ta ɗauka, jaridu suka yi ta cewa an kusa daina allurar insulin kullum. A 2014 masu bincike na kamfanin Regeneron suka cire wa ɓeraye sinadarin gaba ɗaya suka ga ƙwayoyin beta ba abin da ya dame su, suna hayayyafa yadda suka saba. Melton bai tsaya musu ba, ya haɗa kai da wasu lab aka sake gwajin ta yadda masu ƙirgawa ba su san wane ɓera aka ba me ba, sakamakon ya fito a 2016 cewa maganar farko ba ta tsaya ba, sai ya janye takardar da kansa, sanarwar ta fito a Cell a watan Janairun 2017. Ni a wurina wannan na cikin abin da ya ƙara masa daraja, don ba kowa ke iya cewa abin da na faɗa jiya ba haka ba ne. Amma a lissafi fa? Duk wanda ya ambaci takardar don ya ƙaryata ta an ƙirga shi, duk wanda ya ambace ta bayan an janye bai sani ba shi ma an ƙirga shi, na'ura ba ta san yabo ba ba ta san suka ba.

Na koma da rahoton na zagaye wurin da jan biro na ajiye masa a tebur. Na ce Malam wannan fa an janye ta. Ya gyara gilashi ya buɗe PubMed ya buga sunan, sai ga jan tambarin janyewa ɓaro-ɓaro a saman shafin. Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, "Gaskiyarka Malam, ni lambobin na sauke a tebur, ban buɗe kowace takarda ba. Amma ka sani ni ɗan laburare ne, ban san hanta ba ban san fankiriyas ba, abin da injin ya ba ni shi nake gyarawa." Na ce ai ba sai ka san hanta ba Baba, tambarin a rubuce yake. Ya yi dariya ya ce to daga yau ya shiga cikin abin da zai riƙa dubawa. Ya gyara wannan kyauta nan take, ya sa alama da bayanin shekarar janyewa. Maganar ware takardun kwaɗo kuwa ya ce sai dai in zauna kusa da shi ina nuna masa wacce ta fankiriyas ce wacce ba ita ba, kuma sai na ƙara wani abu don sabon lissafi ne. Na ƙara, amma raina bai so ba, tunda tun farko na faɗa masa a kan fankiriyas nake so.

Shafin ƙarshe ma na cire shi ban kai semina ba, wanda ya jera Melton da Ashcroft a tebur kamar sakamakon gasar ƙwallo, wane na ɗaya wane na biyu. Mutanen nan ba tambaya ɗaya suke bi ba. Ashcroft wutar lantarkin jikin ƙwaya take aunawa, ƙofa ɗaya tak ta riƙe shekaru da dama. Abin da aikinta da na su Cook da Hales, su ma a 1984, ya warware shi ne suga in ya shiga ƙwayar beta ana ƙona shi ATP, wato sinadarin da ke ba ƙwaya ƙarfi, ya ƙaru, ATP ya rufe ƙofar fotasiyam, hakan ya sa ƙofar kalsiyam ta buɗe, kalsiyam ya shiga, insulin ya fito. Magungunan da iyayenmu ke sha irin su Daonil ƙofar fotasiyam ɗin nan suke rufewa kai tsaye. Bayan shekara 20, a 2004, ita da ƙungiyar Andrew Hattersley ta Exeter suka nuna cewa jarirai da yawa da ke kamuwa da ciwon suga kafin wata shida matsalarsu a ƙwayar gadon ƙofar nan take, ƙofar ce ta ƙi rufuwa, a 2006 kuma aka wallafa a New England Journal of Medicine cewa mafi yawan irin waɗannan za su iya barin allura su koma shan ƙwaya kuma sugansu ya fi daidaita. Yaron da aka ce zai yi ta shan allura har abada ya koma haɗiyar magani, ta ina h-index zai nuna maka wannan? Su kansu masana ilimin ƙwayoyin halitta ai a taronsu na San Francisco a 2012 ne suka tsara sanarwar DORA, wadda aka fitar a 2013, suna cewa a daina auna mutum da martabar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a karanta abin da ya rubuta.

Kuma in yawan ambato ne zalla, masu rubuta hanyar aiki su ke cinye gasar kullum. Takardar Lowry ta 1951 ta auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, ita ce kan gaba a lissafin da Nature ta buga a 2014. A fanninmu ma haka ne, takardar Lacy da Kostianovsky ta 1967 ta yadda ake ware tsibirai daga fankiriyas ɗin ɓera, da ta Matthews ta 1985 da ta kawo lissafin HOMA na auna yadda jiki ke jin insulin, duk wanda ya yi amfani da hanyar dole ya ambace su ko bai taɓa buɗe su ba. Ba raina su nake ba, hanya ce da ta buɗe wa dubbai ƙofa, amma irin ambatonsu daban da na wanda ya sauya yadda ake fahimtar cuta.

Yanzu ta ɓangaren lakcarorinmu na gida, nan ne nake ganin shagon ya fi amfani nesa ba kusa ba, kuma da ni malami ne mai shirin kai takardu don ƙarin girma da ban yi wata-wata ba. Ina zaune wani Dakta ya zo, shafinsa na Google Scholar cike da takardun wani mai irin sunansa daga wata ƙasa har da na injiniyanci, nasa na gaske kuma wasu ba su hau ba, a Scopus kuma an raba shi gida biyu saboda a wata takarda ya fara da sunan mahaifi a wata ya fara da nasa. Malam ya share na bogin, ya nuna masa yadda ake tura buƙatar a haɗe shafukan biyu, ya kuma faɗa masa gaskiya cewa lambarsa za ta sauka ba hawa ba, gara ta sauka yanzu da a gano a gaban kwamiti. Ya kuma ce min mutane na zuwa suna tambaya ko zai sa su a irin ƙungiyoyin nan na ka ambace ni in ambace ka, ko ya samo musu mujallar da ke bugawa cikin sati ɗaya in an biya, shi kuma ba ya yi, yana da jerin da yake dubawa ya ga ko mujalla na cikin Scopus da gaske ko tambarin kawai ta manna a shafinta. Wannan ya ƙara min ganin girmansa.

Tunda an zo nan bari in ɗan yi tsegumi a kan kanmu. Yawancin abin da muke yi a kan fankiriyas a jami'o'inmu salo ɗaya ne, a yi wa ɓeraye allurar aloksan ko sitireftozotosin su kashe ƙwayoyin beta, a ba su ruwan ganyen zogale ko shuwaka ko darbejiya, a auna suga, a yanka fankiriyas a duba a madubin lab, sai a rubuta cewa ganyen ya farfaɗo da ƙwayoyin beta. Nawa furojet ɗin ma daga wannan gidan ya fito don haka ba daga sama nake magana ba. Irin takardun nan suna ambaton juna sosai, lamba tana hawa, amma kalmar farfaɗowa babba ce, ka ga dai yadda ta kaya da lab ɗin Harvard da duk kayan aikinsu a kan ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa, balle mu da hoto biyu ko uku na yankan nama. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. A ɗaya hannun kuma akwai aikin kirki da likitocinmu ke bugawa a mujallun gida da ke kan AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka, a kan marasa lafiyarmu na gaske, waɗanda da yawansu Scopus bai ɗauka ba, sai rahoto ya nuna mutum kamar bai yi komai ba. Malam ya san wannan, yakan sa su a shafi daban ya rubuta cewa ba sa cikin lissafin.

To wa zan tura wa shagon? Mai son a tsabtace masa shafinsa, a raba shi da masu irin sunansa, a haɗa masa tebur mai kyau na kai wa kwamiti, je ka kai tsaye, kuɗinka ba zai tafi a banza ba, cikin biyar zan ba shi huɗu da rabi a wannan. Mai son a faɗa masa me masani ya gano da inda aikinsa ya kai fannin, biyu zan ba shi, kuma biyun ma don ya karɓi gyara ne ba gardama. In za ka je da irin aikina, ka tafi da jerin kalmomin fanninka a rubuce, beta, tsibirai, insulin, ciwon suga, ka ce da su za a tace ba da sunan mutum kaɗai ba, ka faɗi shekarar da za a fara ƙirgawa, kuma ku yi yarjejeniya tun kafin ka biya cewa gyara na cikin kuɗin. Ka ce ya ba ka fayil ɗin Excel ɗin ma ba bugaggen kawai ba, sannan ka zuba takardun a manhajar Zotero, kyauta ce kuma tana sa jan gargaɗi a kan duk wadda aka janye tunda tana jone da bayanan Retraction Watch, masu bibiyar takardun da aka janye. Guda goman farko kuma ka buɗe su a PubMed ka karanta ko taƙaitawar ce da idonka.

Sai ƙananan abubuwa. Ba ya karɓar kati, tiransfa ko kuɗi hannu. Da safe ya fi sauƙin samu don daga azahar layin ya cika da 'yan makaranta, ranar Juma'a kuma in ya rufe don masallaci sai bayan la'asar yake dawowa. Lokacin da ake haɗa takardun ƙarin girma aiki kan yi masa yawa, ka kai naka da wuri. Firintarsa baƙi da fari ce kawai, jadawalin ambato na shekara-shekara da ya yi min mai layi kala uku duk ya fito toka-toka ba ka bambance Scopus da Google Scholar, sai da na gangara Terminus na sake buga shafukan nan masu kala da kuɗina.